Faifai Na Uku

Shekara goma sha huɗu ina buɗe shagon hoton Baba da safe, ina kulle shi da yamma. Ni na san fitilar da ba ta kamawa sai an ɗan doke ta a ƙeya. Ni na san yadda ake sa jariri ya kalli kyamara, da yadda ake lallaɓa ango ya saki fuska. Amma ranar da akwatin ajiyarmu ya mutu, Baba bai ko dube ni ba. Waya ya zaro daga aljihu ya ce, "Bari in kira Auta."

Akwatin wani baƙin abu ne da ke ƙarƙashin teburin ɗakin baya, da faifai huɗu na ajiyar bayanai a cikinsa a jere kamar littattafai. Kebul ya haɗa shi da kwamfutoci uku na shagon, duk wadda ka zauna a gabanta sai ka ga hotuna. Duk abin da muka ɗauka cikin shekara tara yana ciki: bukukuwa, hotunan fasfo, yaran makaranta, har da hotunan marigayiya Mama da na sha wahalar kwafowa daga tsofaffin albam. Ran Litinin aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, sai muka ji ƙaurin roba. Fitilun akwatin suka mutu, fankarsa ta tsaya.

Auta ƙanwata ce, shekara goma sha ɗaya na ba ta. Ni na koya mata hawan keke, ni nake raka ta makaranta ina riƙe mata jaka. Ta karanci kwamfuta, yanzu tana aiki a wani kamfani, tafiyar awa huɗu daga gida. Baba ya daina kiranta Auta a gaban mutane, sai "Injiniyata". Ni kuwa har gobe "yaron nan" ne, ga furfura ta fara fito mini a gemu.

Ya buɗe muryar wayar don in ji. Ta ce, "Baba, mai yiwuwa akwatin ne kawai ya ƙone, faifan suna nan lafiya. Ku zare shi daga wuta. Zan samo wani irinsa, jibi ina tafe. Amma don Allah kada kowa ya taɓa shi."

Mu biyu ne a shagon, kuma Baba ko linzamin kwamfuta ba ya son riƙewa. Na san wanda ake nufi da kowa.

Washegari da hantsi Baba ya tafi asibiti ganin likitan ido. Wata malamar makaranta ta zo karɓar hotunan yaye ɗalibanta, na ba ta haƙuri. Ta ce, "Babanku ya faɗa mini jiya a waya, wai 'yarsa za ta zo ta gyara. Ashe kuna da mai ilimi a gidan." Ta faɗa da zuciya ɗaya, amma maganar ta sosa mini rai.

Tana fita na shiga ɗakin baya na durƙusa. Shekara tara ni nake share wa akwatin nan ƙura, ni nake sake kunna shi in ya yi nauyi. Na ce a raina, faifai ai faifai ne. Ina da wata igiya da nake haɗa tsofaffin faifan kwastomomi da kwamfuta in ciro musu hotuna. Me zai hana in ciro na malamar, in ajiye wa Baba su a kan tebur kafin Injiniyarsa ta iso? Har na hango yadda zai cire tabarau ya dube ni.

Na zaro faifai na uku, don shi ne ya fi sauƙin fitowa. Na haɗa shi da kwamfuta. Wani saƙo ya fito da turanci, wai ba ta gane faifan ba, ko in shirya shi? Ina jin turanci daidai gwargwado, amma ranar gaggawa ce ta karanta mini. Na danna eh, na sake danna eh. Ko minti ɗaya ba a yi ba faifan ya buɗe, fes, babu komai a ciki.

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Ƙarar keken ɗinkin telan da ke maƙwabtaka da mu ce ta dawo da ni hayyacina. Na mayar da faifan inda na ciro shi, na goge shi da gefen rigata, na rufe murfin.

Da yamma matata ta ga ina juya cokali a kwano ban kai baki ba. Na faɗa mata. Ta ce, "To ka kira ta mana, ko akwai abin da za ta taho da shi."

"In kira Auta in ce me?"

"Ka ce ka yi kuskure. Ƙanwarka ce fa, ba alƙali ba."

"Da alƙali ne da ya fi mini sauƙi."

Ta dube ni, ta ɗauke kwanon.

Auta ta iso ran Laraba wajen ƙarfe goma sha ɗaya, rungume da kwali. Ta ce a cinya ta riƙo shi tun daga can, ta hana direba sa shi a but. Ta rusuna ta gaishe da Baba, ta juyo ta ce, "Yaya, ina kwana, ina su Anti da yara?" Na amsa. Baba da kansa ya jawo kujerarsa mai hannu, wadda ko ni ba na zama a kai, ya kai mata ɗakin baya.

Kafin ta zaro komai sai da ta yanka farin tef gida huɗu, ta rubuta ɗaya, biyu, uku, huɗu, ta manna wa kowane faifai lambarsa. Ta ce yadda suke a jere a tsohon, haka za su shiga sabon. Na farko ya fito da ƙura a bayansa, na biyu ma haka. Da ta zaro na uku sai ta ɗan tsaya. Ta juya shi a hannu, ta shafa da yatsa, ta duba yatsan. Ta ɗago ta kalle ni sau ɗaya, sannan ta ci gaba da aikinta.

Ta jera su a sabon akwatin, ta haɗa kebul, ta kunna. A fuskar kwamfuta aka ba da zaɓi biyu. Ta nuna wa Baba da biro. "Wannan na sama yana nufin akwatin ya karɓi faifan da duk abin da ke cikinsu. Na ƙasan kuma ya share komai ya fara sabo. Nan ne mutane suke kuskure."

Baba ya juyo gare ni. "Ka gani ko? Da mu ne da tuni mun danna na ƙasa."

Ta danna na sama. Muka jira kusan minti ashirin, sannan akwatin ya fara ƙara, ɗit, ɗit. Fitilu uku kore, ta uku kuwa ruwan lemo. Auta ta buɗe, sai ga sunayen jakunkunan hotunanmu sun fito reras. Baba ya yi hamdala, ya dafa bango. Ni kuma na zauna a kan kwalin takardun buga hoto.

"Wannan kukan fa?" in ji Baba.

"Faifai ɗaya ne babu komai a kansa. Amma an tsara su ne yadda in ɗaya ya tafi, sauran ukun za su iya sake gina shi. Sai dai kafin a gama, in wani ya sake faɗuwa, shi ke nan."

"Me ya same shi, na ukun?"

Ban ɗaga kai ba. Na ji ta ce, "Tsufa ne, Baba. Shekara tara ba wasa ba."

Baba ya fita ya ba tela labari. Ta bango muna jiyo shi yana cewa, "Minti ashirin, malam. Ko gumi ba ta yi ba."

Auta ta rage murya. "Yaya, bayan ka goge shi, ka zuba wani abu a kai?"

"Wa ya ce miki na taɓa?"

"Babu wanda ya ce. Faifan da tsufa ya kashe ba ya zuwa a share tas da sabon suna."

Na ce ban zuba komai ba. Na jira faɗa, ko ɗan murmushin nan na wanda ya kama ka. Da ta yi ɗaya daga ciki da na samu abin riƙewa. Sai kawai ta ce, "To ba komai. Kowa yana yi. Ni ma na taɓa yin wanda ya fi wannan a ofis." Wannan ba komai ɗin ya fi mari zafi. Yarinyar da na share wa majina ce yau take rufa mini asiri, tana lallashina kamar ɗan koyo.

Ta ciro wani babban faifai daga jakarta, ta ce kafin a fara ginin sai an kwashe abin da ya fi muhimmanci, amma ba zai ɗauke duka ba. Ta duba jakunkunan ta yi dariya. "Yaya, mene ne 'Mai Jan Hula Na Biyu'? 'Amaryar Da Ta Yi Kuka' fa?"

Ni na raɗa musu sunayen, ni kaɗai na san kansu. Na jawo kujera. Na nuna mata waɗanda ba a karɓa ba tukuna, da waɗanda masu su sun rasu iyalai suna dawowa nema, da waɗanda mun riga mun ba da kwafi. Na Mama muka fara kwashewa. Awa uku muna kai, ina faɗa tana dannawa. Baba ya leƙo da kofin shayi ɗaya a hannu, ya ajiye a gabanta. Ya ce mini, "Kai, kada ka cika ta da surutu, bar ta ta yi aikinta."

Auta ta ce, "Baba, ai shi yake nuna mini."

"Eh, ya riƙa kallo dai, ya koya."

Ginin ya ɗauki awa ashirin da bakwai. Akwai wani layi a fuskar kwamfuta da ke tafiya kamar hawainiya. Ranar Alhamis ina ɗaukar hoton fasfo, ina leƙawa ɗakin baya. Da rana, yana kan saba'in da biyu cikin ɗari, faifai na biyu ya yi wani ƙas, ƙas sau biyu. Auta ta ajiye wayarta, ta kara kunne a jikin akwatin. A lokacin na yi addu'a da gaske kada ya mutu. Amma ba zan ɓoye ba, a can ƙasan zuciyata akwai wani ɗan lungu da ya so ya ga yadda fuskar Baba za ta yi in abin ya gagari Injiniyarsa. Na ji kunyar kaina, kuma kunyar ba ta kori tunanin ba.

Bai mutu ba. Muna shirin rufe shago fitila ta uku ta koma kore, ƙarar ta tsaya. Auta ta ce na biyun ma a canja shi cikin makon nan, ta rubuta mini irin wanda za a saya da yadda zan yi: in zaro shi kaɗai, in sa sabo, in jira.

Juma'a da safe ta tafi gaishe da gwaggonmu kafin ta kama hanya. Ni da Baba kaɗai a shago, yana goge gilashin tsohuwar kyamararsa da ya daina aiki da ita. Na kasa ci gaba da zama da alherin Auta a wuyana. Na ce, "Baba, faifan nan na uku ba tsufa ba ne. Ni na ciro shi ran Talata, na goge shi bisa kuskure."

Ya ci gaba da gogewa. Can ya ce, "Bayan ta ce kada a taɓa?"

"Eh."

"Ita ta sani?"

"Tun da ta zaro shi ta gane."

Ya ajiye kyamarar. Na shirya wa faɗa, har na ƙagu ya zo, don ko ba komai faɗan nawa ne ni kaɗai. Sai na ga yana murmushi yana girgiza kai. "Ka ga yarinyar nan. Ta sani, amma ta rufe bakinta don kada ta kunyata yayanta. Hankalin uwarta ta ɗauko."

Na ce, "Haka ne."

"Kai ma ka kyauta da ka faɗa," ya ƙara, yana laluben murfin kyamarar a kan tebur.

Ni na kai ta tasha a kan babur. A hanya ta ce ta buɗe mini suna a akwatin, ni ne mai iko da komai, in canja kalmar sirrin zuwa wadda ni kaɗai na sani. Na ce na faɗa wa Baba gaskiya. Ta ce, "Me ya ce?"

"Ya yabe ki."

Muka wuce shataletale. Sannan ta ce, "Yi haƙuri, Yaya."

"Laifin me kika yi?"

Muka isa tasha. Na sama mata kujera kusa da taga, na tsaya har motar ta cika ta tashi.

Ran Talata sabon faifan ya iso. Na jira Baba ya tafi cin abincin rana, na shimfiɗa takardar Auta a kan tebur, na karanta ta sau uku. Na zaro na biyu, na sa sabon, na zauna ina kallon layin yana tafiya. Washegari da la'asar fitilu huɗu suka zama kore. Baba ya shigo neman almakashi, ya ga ina durƙushe, ya tambayi ko lafiya. Na ce lafiya lau, faifai na canja. Ya ce to madalla, in tuna in kira Auta ta duba daga can ko ya zauna daidai.