Itatuwan Robar Wushishi

Dakta Irimiya ya gyara tabarau ya ci gaba da karantawa da ƙarfi, a natse, kamar mai karatu a coci.

"Manoman Wushishi sun dogara ne a kan tatsar itacen roba, kuma iskar teku na lalata musu amfani." Ya ɗago kai. "Rekiya, ke 'yar ina ce?"

"Wushishi, Yallaɓai."

"Madalla. Yaushe teku ta iso garinku ba mu ji labari ba?"

Allah sarki Rekiya. Tana shekarar ƙarshe a kwaleji, Dakta ne mai duba mata aikin bincike a kan asarar da manoma ke yi bayan girbi. Abin da ta yi kuwa shi ne abin da rabin ajinsu suka yi. Ta je shagon masu buga takardu a bakin makaranta, suka sauko mata da aikin wani daga Kudu, suka sa kwamfuta ta cire sunan garinsa duk inda ya fito ta maye shi da Wushishi. Shafin farko kawai ta duba, ta ga sunanta ya zauna daram, ta sa aka yi bango.

"Doka ta ce in miƙa wannan ga kwamiti, ki maimaita shekara," in ji Dakta. "Amma je ki laburare. Kafin a tashi aiki ki kawo min rubuce-rubuce uku na gaske, waɗanda kika nemo da hannunki, kika karanta. In ba haka ba, zan cire sunanki daga masu kare aiki bana."

To, ita da laburare sai dai gaisuwa. Takan shiga ne in zafin Minna ya kai intaha, ta sa wayarta caji ta sha fanka. Yau ta wuce ɗakin kwamfutoci ta zauna, ta fara rubuta wa injin bincike na intanet doguwar tambaya da Turanci, har da roƙo a farkonta.

"'Yata, wasiƙa kike rubuta masa?"

Madam Lilian ce, mai kula da ɗakin, wata dattijuwa mai furfura a goshi. Ta jawo kujera ba tare da an gayyace ta ba. Rekiya ta faɗa mata komai, har da robar. Matar ta yi dariya sai da ta share ido.

"Bara wani ya kawo jirgin ruwan dakon mai a Chanchaga. Ba ke kika fara ba. Goge wannan. In kin je kasuwa sayen barkono, kina ba mai kaya tarihin miyar? Kalma uku ko huɗu. Me ake nomawa a garinku?"

"Shinkafa, Mama."

"Sa shinkafa. Sa asara. Sa Jihar Neja."

Ta nuna mata shafin da ake tara rubuce-rubucen masana kaɗai, ba inda kowa ke zuba abin da ya ga dama ba. Sakamako ya zubo. Rekiya ta kai hannu za ta danna na farko, Madam ta ɗan buge mata yatsa.

"Haka kike karɓar baƙo? Tambaye shi tukuna. Wa ya rubuta ka? Wace shekara? A ina aka buga ka? Wanda ba ya da amsa, ki bar shi a ƙofa. Kuma taƙaitawar da ke sama za ki fara karantawa, ita za ta gaya miki ko naki ne."

Haka suka yi ta tankaɗe da rairaya. Wani ba sunan marubuci. Wani kan Indiya yake magana. Wani yana da kyau amma a kulle yake, sai Madam ta nuna mata yadda ake shiga ta hanyar da makaranta ta tanada. Daga nan ta koma teburinta ta bar ta.

Rekiya ta yi sallar azahar a gurguje ta dawo. Karatun ba ya sauri, Turancin masana kamar tuwon da ya kwana. Amma da ta kai tsakiyar rubutu na biyu sai ta tsaya, ta koma baya, ta sake karantawa, ta ɗan ja tsaki. Tana nan a kansa har aka ɗauke wuta, ɗakin ya yi tsit. Na uku bai samu ba.

Ta tarar da Dakta yana zura makulli a ƙofar ofis.

"Nawa?"

"Biyu, Yallaɓai."

"Uku na ce."

"Na biyun ne ya riƙe ni." Ta miƙa takardun. Sannan ta ci gaba. "Ya ce ɓera da tsuntsaye ne suka fi cinye shinkafa. A wajen Bida ya yi bincikensa, wataƙila can haka ne. Mu a fadamarmu ruwa ne. An yanka an tara, kafin a samu abin kwashewa kogi ya cika ya bi ta kai. Ni ban yarda da shi ba."

Dakta ya dube ta ta saman tabarau.

"Farfesa ne fa ya rubuta."

"Ko shi ne, bai zo garinmu ba."

"Wa ya ce ruwa ne? A wane littafi?"

"Ba littafi. Da idona na gani."

"Idonki ba ya shiga jerin madogara." Ya zare makullin, ya tura ƙofar ta buɗe, ya ajiye jakarsa a kan tebur. "Sai kin je kin tambayi manoman ɗaya bayan ɗaya, kin rubuta abin da suka ce. Shigo ki zauna. Wace tambaya za ki fara yi musu?"