Baƙar Abaya a Tashar Rusaifa

Awwalu da wayon tsiya. Shi ya sa mahaifiyarsa Hajo ta ajiye jan mayafin da ta zo da shi daga Abeche ta ƙasar Cadi, ya saya mata baƙar abaya irin ta matan Makka, wai kada a gane baƙuwa ce. Watanta biyu da zuwa, ba takarda, ba Larabci ko na gaisuwa, ga shi an gama aikin Hajji, ana kwashe marasa takarda zuwa Jidda a sa su a jirgin ruwa.

Ran nan suka taso daga unguwar Ka'akiyya. Daga can sai an sauka tashar Rusaifa a canza motar cikin gari mai zuwa unguwar Tandabawi. Maza ta ƙofar gaba, mata ta baya. Awwalu ya hango baƙar abaya ta hau, ya zauna abinsa. Da aka isa, mata shida suka sauko, babu Hajo.

Ya leƙa cikin motar, ba ta nan. Bai jira mota ba, ya juya da gudu cikin zafin azahar, takalminsa ya tsinke bai ko waiwaya ba.

A bakin tasha ya tarar da Yalwa, wata Bahaushiya mai sayar da gyaɗa.

"Tsohuwar nan taka ce?" in ji ta. "Na ce ta faɗi sunan ɗanta in sa a nemo shi, ta ƙi, wai ɗan fari ne. 'Yaron nan' kawai take cewa. Ga su can."

Motar 'yan sanda ce a gindin rumfa. An jera mata kusan goma, fuska a rufe, ana shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Awwalu ya zaro igamarsa, wato takardar izinin zama, ya ce wa jami'in uwarsa tana ciki, shi zai tsaya mata.

"Nuna ta, yalla, yi maza," in ji jami'in.

Ya dubi ta farko, ya dubi ta ƙarshe. Duk tsayi ɗaya, duk baƙi, har safar ƙafa, irin wadda shi da kansa ya ce Hajo ta sa. Tsoro ya kama shi sosai. An shigar da uku. Direba ya tada mota.

Sai wata murya ta fito daga cikin motar, can ƙasa-ƙasa.

"Awwalu."

Shekararsa arba'in a duniya, bai taɓa jin sunan nan daga bakinta ba. Har sai da ta sake kira sannan ya gane da shi take.