Giram Saba'in a Wilin Gaba

'Yar yayana ta zo ta uku a tseren keken, in don wannan kuke son ji. Ni ban je ba, ba na tsayuwa cikin rana ina kallon mutane suna wahalar da kansu a kan duwatsu. Abin da na gani da idona a shago ya faru, ana gobe tseren, kuma shi zan faɗa.

Ni agogo nake gyarawa, yayana kuma keke. Katangar katako ce ta raba shagunanmu, yau shekara talatin. A layinmu ba mai kiran Yaya da sunansa, Mai Kunne ake ce masa, saboda yadda yake ɗaura wili. Wilin keke da wayoyi ake ɗaure shi, daga cibiya zuwa baki, kuma dole kowace waya ta ɗauru daidai da 'yar'uwarta. Wasu da na'ura suke auna ɗaurin. Shi Yaya sai ya kaɗa wayar da farce, ya karkata kai ya saurari kukanta, ya murɗa ɗan makullinsa, ya sake kaɗawa, har sai duk sun yi murya ɗaya. In ya gama haɗa keke daga farko har ƙarshe, yana da wata 'yar alamar tagulla mai zanen kunne da yake mannawa a goshin firam, wato gangar jikin keken. Mutane har daga wasu garuruwa suke zuwa don wannan alamar.

Autarsa ce mai tsere. A shagon ta yi rarrafe, a shagon ta girma, yanzu shekararta ashirin da ɗaya, kuma ba tseren kwalta take yi ba. Irin na daji ne, a hau tudu, a gangaro ta kan duwatsu da saiwoyi, a ratsa taɓo, a sake zagayowa. A bana aka ce waɗanda suka zo na ɗaya zuwa na huɗu za a ɗauke su babbar ƙungiya. Tun daga ranar Yaya ya ɗauki alli ya rubuta a bango: kilo tara. Ya ce keken da za ta hau ba zai wuce haka ba ko da giram ɗaya.

Daga nan na rasa sakat. Ina da ɗan sikelin da nake auna ƙananan kaya, to ya zama na gida biyu. Ina tsakiyar aiki, gilashi a ido, sai in ga hannu baƙi ƙirin da girisi ya ajiye min noti a kai.

"Nawa?"

"Giram huɗu, Yaya."

"Wannan fa?"

"Biyu da rabi."

Sai ya tafi yana murmushi kamar an yi masa haihuwa. Wata bakwai aka yi ana wannan. Aka kawo firam na kabon, wanda in ka ɗaga sai ka rantse kwali ne. Aka cire giyar gaba aka bar faranti ɗaya. Aka fitar da tub daga taya aka zuba wani farin ruwa mai toshe huji. Aka sa sirdin da ni ko kyauta aka ba ni ba zan zauna a kai ba. Na taɓa ce masa, in Auta ta rage loma biyu da safe ai an huta da wannan wahala. Bai kula ni ba.

Ita ma takan tsokane shi. Wata rana ta ƙwanƙwasa alamar tagullar ta ce, "Baba, wannan ma fa nauyi ne."

Ya ce, "Ki fara cire kanki tukuna."

Wili aka bari ƙarshe. Keken kasuwa wayoyinsa masu kauri ne, ko ka yi kuskure sukan rufa maka asiri. Na tsere kuwa ashirin da takwas ne kacal, sirara kamar igiyar molo. In ɗaya ta yi sako-sako, ko ta ɗauru fiye da ƙima, a kan gangare za ka ji labari, lokacin da ba damar tsayawa.

To ni na riga na san abin da ba wanda ya faɗa. Shekara talatin, duk lokacin da na gwada ƙararrawar agogo, sai Yaya ya doki katanga ya ce in raba shi da hayaniya, yana sauraron waya. Tun bara ya daina. Na zaci haƙuri ya koya da tsufa, sai wata rana na saki agogo uku a tare, na tsaya ina leƙensa ta tsagar katako. Ko gezau. Maganar mutane yana ji in ana kallonsa, ƙarar mota ma yana ji. Siririn sauti ne ya tafi, wato daidai wanda yake ci da shi. Na ja bakina na yi shiru. Ƙane ba ya tashi haka kawai ya ce wa Mai Kunne kunnensa ya mutu, kuma gaskiya tsoro na ji.

Kwana biyu ya yi a kan wilin gaba. Ina jin sa ta katanga, ya kaɗa, ya murɗa, ya kaɗa, ya ƙara murɗawa. Da ya gama ya juya shi a gabanmu, ya miƙe sak, ko ɗan lanƙwasa babu, don idonsa lafiya lau yake. Ranar ya rataye keken a sikelin rataya, lamba ta tsaya a kilo tara ba giram talatin. Ya rubuta a ƙarƙashin allinsa, ya ja layi biyu.

Saura kwana huɗu tsere, Yaya ya tafi karɓo kaya, sai ga Auta ta shigo shagona da wilin a hannu. Ta ja ƙofa.

"Baffa, saurara."

Ta bi wayoyin da farce ɗaya bayan ɗaya. Ni da ban san komai a harkar ba na ji abin da take nufi. Wata ta yi ƙasa, wata ta yi sama, wasu kuma sun yi tsini har suna cizon kunne.

Ta ce, "Ya yi ta murɗawa yana neman muryar da ba ya ji. Kai ma ka sani, ko?"

Na ce, "Ni agogo nake gyarawa."

"Baffa."

"Tun bara."

Ta zauna a kan bencin masu jira, wilin a cinyarta. Ba ta yi kuka ba, gidanmu ba mu iya wannan a gaban mutane ba. Ta ce akwai wani gangare a hanyar tseren da ake saukowa da gudu a daka dutse, kuma wilin nan ba zai kai zagaye na uku ba. In ta hau, za ta iya karya wuya. In ta faɗa masa, ta karya shi. Ta tambaye ni wanne zan zaɓa in ni ne. Na ce mata wuya dai ɗaya gare ta.

Wurin bakaniken kulob ɗinsu ta kai, mutumin da Yaya ya shekara goma yana yi wa dariya, yana cewa wanda ba shi da kunne shi ke sayen na'ura. Mutumin kirki ne. Ya auna, ya ce wayoyin sun riga sun miƙe, ba sa gyaruwa, sai dai a sauya duka. Irin siraran kuma ba shi da su, sai masu ɗan kauri kaɗan, baƙaƙe kamar na farko. Ya ɗaura mata su a tsohuwar cibiyar da tsohon bakin wilin, ya yi alkawarin ba mai ji daga gare shi. Ta dawo ta mayar da wilin kafin Yaya ya lura, ta ba ni tsofaffin wayoyin a ɗaure da kyauro, na jefa su cikin durowa tare da matattun agogo.

Mu biyu, da wayonmu, ba wanda ya tuna da sikeli.

Ana gobe tsere, da hantsi, Yaya ya wanke keken, ya shafa wa sarƙa mai, ya kira ni in zo in shaida. Haka yake yi kafin kowane tsere, ya rataya, ya karanta lamba da ƙarfi, sannan ya bi wayoyi da farce ya ce mata ta tafi. Ya ɗaga keken da yatsa biyu ya maƙala a ƙugiya. Lamba ta yi rawa ta tsaya. Tara da giram arba'in.

Ya sauke, ya kashe sikelin, ya kunna, ya sake ratayawa. Tara da arba'in.

Auta ta ce, "Ko ruwan wanki ne bai bushe ba, Baba?"

Ya cire wilin baya ya rataya shi kaɗai, ya mayar. Ya cire na gaba ya rataya. Ya daɗe yana kallon lambar. Sannan ya kama waya ɗaya tsakanin babban yatsa da manuni, ya murza ta a hankali. Shekara arba'in yana taɓa waya, ba sai an gaya masa kaurinta ba. Ni dai na sa ido a kan kalandar bango kamar ban taɓa ganinta ba.

Na zaci zai yi faɗa. Yaya in ransa ya ɓaci har ƙarshen layi ake sani, ya taɓa jifan wani mai kawo kaya da famfo. Na zaci zai ɗauko makulli ya warware wayoyin nan ɗaya-ɗaya a gabanta, kuma da ya yi haka ba mai hana shi, don ita ta riga ta sunkuyar da kai. Sai ya mayar da wilin a mazauninsa, ya ɗaure, ya gwada birki.

Ya ce, "Miƙo min zarto."

Ya zare sandar sirdi, ya auna iya abin da ke shiga cikin firam, ya sa alama, ya yanke rarar. Ya goge bakin, ya mayar, ya rataya. Tara da ashirin. Ya sa ta riƙe kan keken yadda take riƙewa a gangare, ya duba inda hannunta ya tsaya, ya yanke faɗin yatsa ɗaya a kowane gefe. Tara da goma. Ya zagaya keken sau biyu yana nema. Duk notin da za a sauya an sauya tun tuni, duk abin da za a cire an cire. Ba abin da ya rage sai fenti.

Auta ta ce, "Baba, giram goma ne fa. Ba komai."

Ko bai ji ba, ko ya ji, ban sani ba. Ya ɗauko siririyar wuƙa ya tsuguna a gaban keken, ya zura ta a bayan alamar tagullar. Ya bi a hankali don kada ya ji wa firam ciwo, har ta ɓanɓaro ta faɗo a tafinsa. Ya goge gurbin da tsumma. Ya rataya. Tara cif.

Saura kaɗa waya. Ya kai hannu wurin wilin gaba kamar yadda ya saba, farce ya kusa taɓawa, sai ya janye. Ya juya ya kalle ta.

"Ke kaɗa."

Ta tsuguna ta bi su duka ashirin da takwas. Shagon ya yi tsit, sai kukan wayoyin, murya ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Shi ba wilin yake kallo ba, fuskarta yake kallo.

"Yaya suke?"

"Daidai suke, Baba."

"Na bayan fa?"

Na baya tun watanni ya ɗaura shi, ita ma ta taya shi a lokacin ba tare da ya sani ba, ina jin ta tana gyara ɗaurin in ya fita. Ta kaɗa su, ta ce daidai suke.

Ya ce, "To tafi ki gwada shi. Ki gaida bakaniken naku."

Ta tura keken ta fita. A bakin ƙofa ta tsaya kamar za ta ce wani abu, ya ɗaga mata hannu, ta hau ta tafi. Na koma shagona na mayar da gilashi a ido, amma sau biyu ina yar da ƙaramin sukuru. Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da na bar yarinya ta ɗauki abin da ni ya kamata in ɗauka tun bara.

Can bayan la'asar sai ga hannun nan mai girisi. Ya ajiye alamar tagullar a kan ɗan sikelina. Bai tafi ba, ya ja bencin masu jira ya zauna, abin da bai taɓa yi ba.

"Ina wayoyina?"

Na buɗe durowa na miƙa masa. Ya kwance kyauron, ya jera su a cinya, ya ɗaga ɗaya yana duba inda ta miƙe ta sirance. Ya gyaɗa kai, ya sake ɗaure su.

Ya nuna sikelin da haɓa. "Nawa?"

Na duba, kaina a sunkuye, na ce, "Goma."

Sai ya matso da bencin, ya juyo min da gefen fuskarsa.

"Ɗaga murya," in ji shi. "Ba na ji."