Masaukin Baffa Joda

Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, hadari yana haɗuwa ta gabas, sai na ji sallama daga waje, irin doguwar sallamar nan da rabona da jin ta tun Baba yana da rai. Yanzu wa ke tsayawa sallama a Tudun Wada? Mutum yana tsaye a bakin ƙofarka zai bugo maka waya. Na ja mayafi na fita.

Wani dogon tsoho ne ramamme, da malafa da sanda, yana ta duban shagunan da ke jikin gidanmu kamar wanda aka sauke a garin da ba nasa ba. A cikin keken da ke bayansa akwai tsohuwa a jingine, an lulluɓe ta da zane. Sai da ya ce, "Halimatu ce, ko idona ne?" sannan na gane shi. Kowa Sadiya yake ce mini, mutanen Baba ne kaɗai ke kirana Halimatu.

Na durƙusa a nan bakin titi na ce, "Baffa Joda, ashe kana nan?"

Mahaifinmu, Alhaji Safiyanu, daga ƙasar Katsina ya zo Gombe yana saurayi, zamanin da motocin auduga ke cika gari. Bai shiga harkar auduga ba. Ya buɗe shagon kanwa da gishirin shanu da igiya a jikin gidan nan, abokan cinikinsa kuwa Fulani ne. A lokacin Bafulatani ba ya shigowa gari haka kawai, sai yana da mai masauki: inda zai ajiye sandarsa, ya kwana, a raka shi kasuwa kada a cuce shi. Baba ne mai masaukin Joda da danginsa. Ana gobe kasuwa zaurenmu yakan cika da goruna da takalman roba, gidan duk ya ɗauki ƙamshin man shanu. Da aka haifi ƙanena Rufa'i, mahaifiyarmu ta kwanta ciwo, ruwan nono ya ɗauke. Matar Joda, Inna Kadijatu, ita ta riƙa tasowa daga ruga da ƙafa kullum safiya da ƙwaryar madara a ka, har yaron ya yi ƙwari. Daga baya gari ya cinye wurin rugar, suka tashi suka yi nisa, Baba ya rasu, zumunci ya koma sai labari.

Mai keken ya ce tun hantsi suke yawo. Tsohon yana ta cewa a kai shi shagon kanwa na Alhaji Safiyanu, samarin unguwa suna cewa ba su taɓa jin sa ba. Da gaskiyarsu. Rufa'i ya daɗe da rushe zauren ya yanka shi shaguna, ɗaya na mai POS, ɗaya na cajin waya, ɗaya nasa na kayan masarufi. Masallacin da ke kallonmu ne kaɗai Joda ya shaida.

Na kama Inna Kadijatu na shigar da ita ɗakina. Ba ta da nauyi ko kaɗan, jikinta zafi rau, numfashinta yana fita da ƙyar. Daga asibiti suke. An duba ta, an ce babu gado yau, su dawo gobe da safe. Garinsu kuwa ba wurin da za a je a dawo ba ne da mara lafiya irin wannan. Abin da ya kawo su ke nan: wurin kwana, har a ga abin da Allah zai yi.

Na dama mata kunu. Ta ce ta ƙoshi. Na ajiye kofin kusa da ita na fita kamar ina neman wani abu, da na dawo ta shanye.

Joda na shimfiɗa masa tabarma a ɗan lungun da ya rage tsakanin shaguna da ƙofar gida, inda ake jingine babura. Kunya ta kama ni, amma shi ko a jikinsa. Ya miƙo mini kwalbar man shanu da ƙwan zabi a cikin ƙwarya, sannan ya shiga gaisuwa. Bayan ya gama da mutanen gida sai ya koma kan maƙwabta.

"Ina Abdulgafar mai injin niƙa?"

"Ya rasu, Baffa. Wurin injin yanzu gidan kallon ƙwallo ne."

"Allah ya jiƙansa. Salahuddeen Bayarabe fa, mai gyaran rediyo?"

"'Ya'yansa sun zo sun tafi da shi gida. Ba mu ƙara jin labarinsa ba."

"Hilda mai ɗinki, 'yar Kaltungo? Ita ta ɗinka wa Kadijatu rigar da ta fara sawa a gidana."

"Idonta ya mutu. An sayar da keken ɗinkin."

Duk wanda ya ambata sai ya ɗaga sanda ya nuna daidai inda shagonsa yake a da, bai kuskure ko ɗaya ba. Ni da nake kwana ina tashi a layin nan ban taɓa lura cewa ba wanda ya saura ba sai da na ji bakina yana lissafa su. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban kuma san da wa nake fushi ba.

Rufa'i ya dawo bayan la'asar. Shi ne mai gida yanzu. Ni tun da mijina ya rasu na dawo gida, a ɗakin mahaifiyarmu nake zaune. Na tare shi tun bai kashe babur ba, na ja shi gefe na gaya masa ko su wane ne. Na ce ɗakin Baba yana nan, katan-katan ɗin taliya da sabulunsa ne kawai a ciki, a fitar da su a share.

Ya kaɗa makullin babur ɗin. Ya ce, "Adda, kin san halin da ake ciki. An yi sanarwa a masallaci, duk wanda ya sauki baƙo sai ya kai shi wurin mai unguwa. Bare mutumin daji. Kin manta maƙwabcinmu da ya kwana a tsare bara saboda baƙon da bai san hawa ba bai san sauka ba?"

"To kai shi wurin mai unguwar mana. Ƙafarka ce ta karye?"

"Ba shi ne matsalar ba. Yau su biyu ne, gobe 'ya'yansu za su zo dubiya, jibi jikoki. Wa ya san su? Mutanen layin nan za su sa mini ido, ni kuma ina da shago, ina da iyali."

Tsoro ne, na gani a fuskarsa, kuma ba zan ce tsoron banza ba ne. Amma na ce masa, "Matar da ke kwance a ɗakina, da madarar shanunta ka rayu."

Ya ce, "Na sani. Bari dai in gaishe shi."

Ya je ya tsuguna, ya cire hula ya mayar, ya yi gaisuwa mai kyau har na fara sakin jiki. Joda ya riƙe hannunsa yana dariya, yana cewa ga jaririn nan mai kukan tsiya ya zama magidanci. Can sai na ji Rufa'i ya ce, "To Baffa, kuna da inda za ku sauka kuwa?"

Duk wanda ya tashi a gidan Alhaji Safiyanu ya san ba a yi wa Bafulatani wannan tambaya. Baba ya sha gaya mana: kada ka ce masa za ka ci, kada ka ce masa za ka kwana. Fulako, wato kunyar Fulani, ba zai bar shi ya ce i ba, ko yunwa za ta kashe shi. Ɗauke masa jaka ake yi a kai ɗaki, in ya ce a'a a yi kamar ba a ji ba, in ya sake cewa a'a a rantse masa. Rufa'i ya san wannan sarai, da shi ake ɗaukar jakunkunan.

Joda ya saki hannunsa a hankali. Murmushin bai bar fuskarsa ba. Ya ce, "Akwai, akwai. Ɗan ƙanwata yana unguwar Nasarawo. Dama gaisuwa muka biyo mu yi."

Na ce, "Wane ɗan ƙanwa, Baffa? Ga hadari ya taso, ga Inna ba lafiya. Wallahi ba inda za ku."

Bai dube ni ba. Rantsuwar mace a gidan da ke da namiji ba ta saukar da baƙo, ni ma na sani. Rufa'i yake kallo, yana jira. Ya ba shi lokaci mai tsawo, har ya tsaya gyara igiyar malafarsa da ba abin da ya same ta. Rufa'i kuwa ya zaro waya yana latsawa, ya ce, "To bari in tsayar muku da keke kafin ruwa ya sauko."

Joda ya ɗaga murya kaɗan ya yi magana da Fulatanci. Inna Kadijatu ta fito tana dafa bango. Na riƙe ta na ce ita dai ta kwana a wurina, shi ya je ya dawo. Ta shafa kaina ta ce, "Mi yetti, Halimatu, na gode," ta zare hannunta. Ba za ta kwana a gidan da aka tambayi mijinta ba.

Ba su daɗe da tafiya ba aka tsuge da ruwa, irin na Gombe mai zuwa da yashi yana cika kwalbati. Na tsaya a ƙofar shagon Rufa'i, ruwa yana dukana, na gaya masa maganganun da ban taɓa gaya wa ɗan'uwana ba. Ya ce, "Shi fa ya ce yana da wuri, Adda. Kin ji da kunnenki."

Na ce, "Na ji. Kai ma ka ji, kuma ka san abin da ka ji."

Rufa'i bai ci tuwo ba ranar. Da gari ya waye na fito alwala na tarar da katan-katan a jere a tsakar gida, shi kuma yana cikin ɗakin Baba da tsintsiya, idonsa jajir. Ya shimfiɗa sabuwar darduma, ya kawo buta. Ya ce ya riga ya je ya gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya ce ai ya san Joda tun yana yaro. Na zuba kunu a fulas, na dafa ƙwan zabin nan, muka hau babur.

Ba mu ko nufi Nasarawo ba. Asibiti muka wuce kai tsaye.

Mun sami Joda a bayan ɗakin mata, wajen barandar da masu jinya ke kwana. Yana shanya zanen Inna Kadijatu a kan wayar shanya, zanen yana ɗigar ruwa. Wata mai jinya ta gaya mini a nan suka kwana, feshin ruwa yana shigowa, tsohon ya zauna ta bakin baranda ya tare wa matarsa da bayansa. Kafin safiya numfashinta ya tsananta, aka samo mata gado aka sa mata abin shaƙar iska. Na leƙa ta taga na gan ta. Ba ta san wanda ke kanta ba.

Joda ya amsa gaisuwarmu kamar jiya ba ta faru ba. Ya tambayi yara, ya tambayi kwanan gida, ya tambayi ruwa ko bai yi mana ɓarna ba. Rufa'i ya durƙusa a cikin laka, bai ko naɗe wando ba.

"Baffa, na gyara ɗakin Baba. Ka zo mu je gida ka yi wanka ka huta, Adda za ta zauna da Inna."

"Allah ya yi albarka. Nan ma ba laifi."

"Baffa, na yi kuskure. Don Allah ka taso."

"Ba komai, ɗana. Nan ya fi kusa da ita."

Sai Rufa'i ya yi abin da ya kamata ya yi jiya. Ya miƙa hannu ya ɗauki jakar tsohon da ke jingine da bango, ya rataya a kafaɗa, ya ce, "Wallahi Baffa ba za ka ƙara kwana a nan ba."

Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan, an gyara. Joda ya dube shi, duba na tausayi, ba fushi a ciki ko kaɗan, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya sa hannu ya sauke jakar daga kafaɗar Rufa'i, a hankali, kamar yana karɓar kaya daga yaron da suka yi wa nauyi. Ya mayar da ita jikin bango.

Ya ce, "Rufa'i, jiya da na ce a'a, kunya ce. Ta yau ba kunya ba ce."

Ya juya ya ci gaba da matse bakin zanen. Muka tsaya a wurin, ni da fulas a hannu, Rufa'i a durƙushe, har wata ma'aikaciya ta zo ta ce mu matsa mun tare hanya.