Fakon Gwaggo Kaltuma

Arzika ya dawo Karofane daga soja a kakar 1946, an gama yankan gero. Kayansa bargo ne da kwano, sai wata balo, wato ƙwallon ƙafa, ta fata da ake ɗaure bakinta da igiya. Kwana uku da isowarsa, magidanta masu gemu suna bin abar nan a guje cikin kasuwa suna ihu. Ran na huɗu Halidu maƙeri ya narka mata ƙafa, ta tashi sama, ta faɗa cikin ƙwaryar furar Gwaggo Kaltuma, ƙanwar uban Arzika.

Ta share furar daga goshinta, ta ce, "Kai Arzika, abin da ka koyo ga Nasara ke nan?"

"Gwaggo, hili munka rasa."

"Hili? Ga fakona can bayan gari, duwatsu sun hana mai hatsi tun zamanin kakanka. Ku kwashe su, ku yi haukanku can."

Kowa ya gane so take a share mata gona kafin damina, amma wa ya damu? Sati biyu suna kwasar dutse suna waƙa. Suka jera shi a gefe har ya zama katanga iya gwiwa, tsofaffi suka mai da ita wurin zama. Arzika ya auna filin da taku, aka kafa itacen aduwa biyu gabas, biyu yamma, suka sa wa kansu suna Zakarun Dutse.

Labari ya kai Buza. Ran kasuwa sai ga ma'aikatan biro, wato ofishin gwamnati, da gardi-gardin kumandan Nasara daga can bisa dawaki, da gajeren wando da takalma, har da mushen lakkwal, wato malamin makarantar boko, mai busa usur. Garin kaf ya fito. Kafin a ce me, baƙi sun ci biyu.

Gwaggo Kaltuma ta haye katangar, ta ɗaure zanenta a ƙugu. "Cikin gonata za a kunyata ku? Arzika, in ka bari, kada ka koma shan furata!"

Arzika ya yar da hularsa, ya ratsa gardi uku, takalmansu na sulɓi kan tsakuwa, ya zura balo gidan baƙi. Ba a jima ba ya sake. Halidu, da aka ba tsaron gida, ya kasa haƙuri, ya baro gidan ya sheƙo tsakiyar fili ya buga da iyakar ƙarfinsa. Mai tsaron Buza ya cafe balo, amma ta tafi da shi har bayan itacen aduwa, ya zauna daɓas.

Mushe ya busa usur, babu mai jinsa. Mata na guɗa, makaɗa sun ɓarke da kalangu, wani tsoho ya jefa sandarsa sama ya manta da ita ya taka gida da ƙafafunsa. Aka ɗauki Halidu a kafaɗa, nauyinsa ya kayar da mutum huɗu.

Da ruwan fari ya sauka, Gwaggo ta fita da ƙwaryar iri. Ta daɗe tsaye a bakin filin. Daga baya ta zagaya ta shuka wakenta a bayan katanga, ta aika wa Arzika cewa mutanen Keita sun ce za su zo, kada ya bar ciyawa ta cinye wurin.