Ƙarƙashin Kujerar Léonie

Hawa biyar ne zuwa gidan Léonie, kuma babu lif. Anselme Rouvier ya tsaya a na uku yana haki, hannu ɗaya a gwiwa, yana tsine wa wanda ya fara gina bene a Paris. Shekararsa saba'in da huɗu, hamsin daga ciki ya yi su ne a tsugune ƙarƙashin kujerun mutane, yana leƙa inda masu su ba sa leƙawa, sannan ya miƙe ya faɗa musu ko dukiya kakanni suka bar musu ko itacen girki. Ya gaji da aikin, ya gaji da fuskokin. Cikin kujeru goma da ake kawo masa da sunan zamanin Sarki Louis na sha biyar, da ƙyar ake samun biyu da suka girmi babarsa.

Léonie matar Firmin ce, abokinsa da suka yi shekara ashirin suna sassaƙa a shago ɗaya a unguwar Saint-Antoine. Bara Firmin ya rasu. Duk ɗan sana'ar ya san shi, kuma ba da alheri ba: zai sassaƙa sabuwar kujera, ya tsofar da ita, ya buga mata hatimin wani gwani da ya mutu shekara ɗari biyu da suka wuce, attajiri ya saya har yana godiya. A kan haka suka raba shago da Anselme, amma abincin ranar Lahadi bai taɓa raba su ba.

"Ka iso, ko in aiko a kwaso ka?" in ji Léonie daga bakin ƙofa.

"Ki bari in mutu a ciki mana, ko maƙwabta sa huta da gulma."

Ta zuba masa kofi, ta zauna a kujerar kicin, ta cusa yatsunta ƙarƙashin mazaunin ta riƙe gam. Haka take zama tun tana budurwa, kamar mai tsoron a janye kujerar.

"Gidan tarihin garinmu sun yarda za su karɓi kujerar," in ji ta. "Kyauta zan ba su. Za su manna ɗan allo da sunan Firmin da nawa. Sa hannunka kawai suke jira."

"Wace kujerar?"

"Kai dai Anselme, tsufa bai rage maka iya shege ba. Guda nawa gare ni?"

Kujerar tana nan gefen taga inda take kullum, mai hannuwa, da furanni sassaƙe a bayanta. Shekara arba'in da ɗaya yana cin abinci kusa da ita, bai taɓa kifa ta ba. Mutumin da ko a ɗakin jiran likita sai ya leƙa ƙarƙashin kujera! Ya san dalilinsa sarai: tsoro yake ji.

"Na san abin da mijina yake," in ji Léonie, muryarta ta sauka. "Ya cuci rabin Paris. Amma ni bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ranar aurenmu ya hauro da ita a ka, ya ce, wannan ta gaske ce, ita kaɗai ce ta gaske da ta taɓa shiga hannuna ban sayar ba. Ina so sunansa ya tsaya sau ɗaya a kusa da abin gaskiya."

Anselme ya shimfiɗa bargo, ya kifa kujerar a kai, ya durƙusa gwiwoyinsa na ƙara. Ya sa tabarau. Ƙananan turakun icen da suka haɗa katakon, da hannu aka tsaga su, babu biyu masu kama ɗaya. Ramukan ƙwaro sun karkace yadda ƙwaro ke tafiya, ba miƙe kamar na ƙusa ba. Hatimin ya goge daidai gwargwado. Ya kai hanci ya shinshina, ƙamshin tsohon katako ne na gaske. Wani sanyi ya sauka a ransa, har ya fara lalubar biro a aljihu.

Sai ya zura hannu ta cikin katakon da ya zagaye mazaunin, don kawai hannun ya saba.

Sumul yake. Daga wannan kusurwa zuwa waccan, sumul kamar bayan cokali.

Ya daɗe a durƙushe. Gwanayen da can mutane ne masu sauri, aiki na jiransu, ba sa ɓata ko minti a inda ido ba ya kaiwa. Gaban kujera kamar siliki, cikinta kuwa sawun zarto ne da sartse. Firmin ya fi kowa sanin haka, shi ma ya koya wa Anselme ya riƙa shafa wurin. Duk jabun da ya sayar, cikinsu kaushi ne har ya yanki mutum. Wannan kaɗai ya bi da samfefa.

Zai iya sa hannu a takardar. Wa zai musa wa Rouvier? Amma ya san wata rana wata ma'aikaciyar gidan tarihin mai farar safar hannu za ta zura yatsa a wurin, a cire allon, a garin su Léonie, a gaban danginta. Kuma ya gaji da rufa wa Firmin asiri, ya yi masa yana raye, ga shi ana nema ya yi masa yana kabari. Haushin abokinsa ya kama shi, kewarsa kuma ta fi haushin yawa.

"Ba zan sa hannu ba, Léonie."

"Me ka gani?"

"Katakon tsoho ne. Kujerar kuwa, shekararta arba'in da ɗaya. Firmin ne ya yi ta."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki kofinsa ta zubar da sauran a wurin wanke-wanke, ta tsaya ta ba shi baya.

"Ashe ni ma cikin attajiran nake," in ji ta. "Har da godiya."

"Zo ki taɓa nan."

"Ka rabu da ni, tsohon banza. Wa ya ce ka duba da kyau?"

"Ke kika ce. Zo."

Ya kama hannunta ya kai wurin. Ta shafa, ta ɗaga kafaɗa. "To? Santsi ne. Kullum haka yake."

"Shi ne abin da ya tona shi. Ta gaske kaushi gare ta a nan. Kin tuna ranar da kika fara zuwa shagonmu, kika kawo saƙon babanki? Kika zauna a wata tsohuwar kujera da muke gyara, kika riƙe ƙasanta yadda kika saba?"

Ta dubi ɗan yatsanta na tsakiya.

"Sartse ya shige mini ƙarƙashin farce."

"Rabin awa Firmin ya yi yana cire miki da hantsaki, kina zaginsa. Waccan ta gaske ce. Mutumin nan bai taɓa kuskure a jabu ba, Léonie, ko sau ɗaya. Ya san duk wanda ya shafa nan zai kama shi, kuma ya goge."

Suka tayar da kujerar tare, kowa na nishi. Anselme ya naɗe bargon, ya mayar da biro aljihu, yana tunanin hawa biyar da ke jiran gwiwoyinsa. Da ya waiwayo daga bakin ƙofa, Léonie ta zauna a kujerar, fuskarta na kallon taga. Hannuwanta sun riga sun shige ƙarƙashi.

"Maƙaryaci," in ji ta a hankali, yatsunta na kai da komo a kan katakon.