Huda Jirgin Baba

Mijina Ja'afaru masassaƙin kwale-kwale ne, ɗan masassaƙi, kuma tun da ciyawar kachalla ta shaƙe hanyoyin ruwan Haɗeja aikin ya ja baya. Mutum ne da in hannunsa bai riƙe gizago ba sai ya ishe ka da tambaya. Ni Talatu na sha su: me ya sa tulu ke sanyaya ruwa, me ya hana kaza iyo.

Ana haka abokinsa Ari ya kawo masa wata jita ta kiɗa da ambaliya ta lalata. Wuya da tsirkiya sun tsira, gangar jikin ta ruɓe. Ya roƙe shi ya sassaƙa mata sabon jiki.

Icen da ya dace ɗaya ne a gidan, wato ragowar jirgin marigayi mahaifinsa, na maɗaci, da ya shekara tara jingine a zaure ba mai taɓawa. Ja'afaru ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yanka shi uku.

Na farko ya fafe shi da kauri, ya yi masa murfi, ya bi kowace tsaga da tsumma da kwalta. Ramin nan da ke fuskar tsohuwar jitar kuwa, cewa ya yi ado ne kawai, don haka bai yi wa tasa ba. Da ya gama, wallahi kogi ya kai shi ya gwada, ya dawo yana washe baki.

"Ko ɗigo bai sha ba, Talatu!"

"To Malam, jita za a kaɗa ko kasuwar Miga za a tsallaka da ita?"

Ari ya ɗaura tsirkiya ya kaɗa. Sauro ma ya fi ta murya.

Na biyu ya ce kauri ne matsalar. Ya yi ta rage cikinsa har icen ya tsage a hannunsa. Saura guda, kuma shi ne goshin jirgin, inda zaman tsohon ya goge icen ya yi santsi. In wannan ya lalace, babu sauran abin mahaifinsa a gidan. Ya fafe shi, ya rufe, bai shafa kwalta ba, sai ya zauna yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Kwana huɗu ba ya cin abincin kirki. Na daina tsokanarsa, don tausayi ya ba ni.

Ran na biyar da hantsi ina wanke tulu, yana gefe yana ta magana shi kaɗai.

"Ina muryar take shiga ne?"

Ni ma tambayar ta kama ni. Na rufe bakin tulun da faifai na buga cikinsa, ya yi dum ya mutu. Na ɗauke faifan na sake bugawa, sai amo ya cika tsakar gida. Muka kalli juna. Ya karɓi tulun ya gwada da kansa, sau bakwai na ƙirga.

"Sai an huda ke nan," in ji shi, murya ƙasa ƙasa. "Shekara arba'in Baba bai bar rami ya kwana a jikin icen nan ba."

"Baba ruwa yake tsoro, Malam. Kai ina ruwan?"

Ya yi bismilla ya ɗora bakin wuƙa. A hankali ya huda rami a tsakiyar murfin.

Da la'asar Ari ya zo ya ɗaura tsirkiya. Kaɗawa ɗaya, awakina suka ɗaga kai. Murya ce mai kauri, mai daɗi, har ƙirjinka kake jin ta.

Ja'afaru ya karɓa ya kara kunnensa a ramin, idonsa ya ciko.

"Ari, ashe duk shekarun nan bakin icen nan muke toshewa."